Ciwo daga kwankwaso har babban yatsa, dan Allah wa ya taba yin irinsa?

Dan Tudun Hatsi: Slm yan uwa barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema abin ya isheni. Tun farkon kaka muna lodin masara a kasuwa yan dako sukayi karanci sai nasa hannu muka daga buhu ni da wani yaro, irin mai kilo 100 din nan, ina juyawa zan dora a mota naji wani abu ya rike min kugu. Ban dauke shi komai ba naci gaba da harkata. Kwana biyu sai ciwon ya bar kugun ya koma duwawu na dama, ya bi bayan cinya ya sauka sharaba har babban yatsa, zugi da shokin, in nayi tari ko atishawa sai na dafa bango. Zama a kan mashin yafi komai azaba, ruku'u kuwa ba'a magana. An min allurai a kemis, an min kaho a sharabar, man zafi kala kala, saukin baya dadewa yake dawowa. Wasu sunce sanyin kashi ne wasu sunce wani abu na tsallaka a bakin shago. Wanda ya san abin nan ya taimaka

Maman Yan Biyu: Subhanallah sannu Alhaji Allah ya kawo sauki yasa kaffara ne

Direban Gombe zuwa Yola: Ai wannan ciwon mu ne na direbobi, a tasha ba zaka rasa mutum biyar masu shi ba. Ni da ya kamani kwanciya nayi a kasa kan tabarma ban tashi ba sai sallah, ka samu katako ko dandaryar siminti ka kwanta wata guda ka huta kawai, kuma ka nemi bel din nan mai fadi na daure kugu

Telan Jekadafari: nima ina fama amma nawa na hagu ne, in na dade kan keke kafar sai tayi minjirya ta sage. ina nan ina bibiya

Likitan Gashi: Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da jiki. Ni a sashen gashi nake aiki, fisiyo, kuma irin wannan kusan kullum sai mun gani. Ba zan yanke maka hukunci ta waya ba sai an duba ka, amma yadda ka kwatanta ya yi daidai da ciwon jijiyar sayatika. Ita ce jijiya mafi kauri kuma mafi tsawo a jikin mutum, a wajen ɗuwawu kaurinta ya kai yatsa. Saiwoyinta daga ƙasan gadon baya suke fitowa su haɗe, ta ratsa ɗuwawu ta bi bayan cinya, dab da bayan gwiwa ta rabu biyu, reshe ɗaya ya bi sharaɓa zuwa tafin ƙafa ɗaya ya zagayo gefen ƙwauri zuwa saman ƙafa. Ka ga hanyar da ciwonka ya bi kenan sak.

Ƙasusuwan baya na wajen ƙugu guda 5 ne, tsakanin kowanne da na ƙasansa akwai faifai, gefensa tauri cikinsa taushi, shi ke shanye nauyi da girgiza. In mutum ya sunkuya da kaya mai nauyi kuma ya murɗa jiki lokaci guda, gefen kan iya tsagewa na cikin ya bullo ya taɓa saiwar jijiyar, wurin ya kumbura. Kusan 9 cikin 10 na masu wannan ciwo daga faifan ne, kuma mafi yawa tsakanin ƙashi na 4 da na 5 ne ko tsakanin na 5 da ƙashin kwankwaso. Tunda ka ce babban yatsa, na fi zargin saiwa ta 5. Tari da atishawa suna ƙara matsi a wurin shi ya sa kake dafa bango.

To abin da nake so ka riƙe, ƙafar ba ta da laifi. Kamar wayar wuta ce da ɓera ya ci a silin, kwan zaure ne zai riƙa ɗaukewa, ko ka canja kwai goma ba zai tsaya ba. Ƙahon da aka yi a sharaɓa da man da ake ta murzawa, a inda ake jin ciwon aka yi su ba inda yake ba.

Dan Tudun Hatsi: Ikon Allah. Dakta wlh bayan ma yanzu baya min ciwo sosai shi yasa ban taba kawo shi a rai ba

Likitan Gashi: Haka yake yi, ƙafa ta fi bayan ciwo. Amma kafin mu ci gaba amsa min waɗannan tsakani da Allah kar ka ji kunya, kuma duk mai karantawa ya riƙe su. Fitsari yana fita daidai, ko sai ka yi ta yunƙuri, ko yana zubowa ba ka sani ba? Bayan gida fa kana iya riƙewa? In kana tsarki kana jin taɓawar ruwa da hannu a gaba da baya, ko wurin ya mutu? Ƙafa ɗaya ce ko duka biyun? Silifas yana zamewa daga ƙafarka ba ka sani ba, ko kana tuntuɓe da yatsu? Sannan akwai zazzaɓi, zufar dare, ko rama?

Dan Tudun Hatsi: Alhamdulillah duk babu, kafa daya ce ta dama. sai dai saman kafar kamar ba tawa ba wani lokacin

Likitan Gashi: To madalla. Dalilin tambayar, a ƙasan baya akwai tarin saiwoyin jijiya da ke kula da mafitsara da dubura da al'aura. In faifai ya fito da yawa ya danne su gaba ɗaya, wannan ba na gashi ba ne ba na jira ba ne, tiyatar gaggawa ce, a daren mutum zai tafi babban asibiti, asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe ko na Bauchi in can ya fi kusa. In aka kwana biyu ana shawara mutum kan iya ƙarewa da robar fitsari har ƙarshen rayuwa. Ba kasafai yake faruwa ba amma kunya ce ke sa mutanenmu su ɓoye har lokaci ya ƙure. Zazzaɓi da rama da zufar dare kuma muna tsoron tarin fuka na ƙashin baya, yana nan a yankinmu, shi ke fito wa mutum da ƙusumbi, kuma maganin tibi kyauta ne a asibitin gwamnati.

Direban Gombe zuwa Yola: To Dakta maganar kwanciyar fa, ni dai ita tayi min

Likitan Gashi: Yaya direba Allah ya ƙara lafiya, amma ba zan ba shi wannan shawarar ba. Da can likitoci ma haka suke cewa a kwanta, daga baya aka gwada aka ga wanda ya ci gaba da motsi daidai ƙarfinsa bai fi wanda ya kwanta shan wahala ba, mai dogon kwanciya kuma naman bayansa da na cinya suna saki, gaɓoɓi su ƙage, ga tsoron motsi ya shiga ransa. Kwana ɗaya ko biyu in ciwon ya yi tsanani ba laifi. Abin da ya sa ka ga kamar kwanciya ce ta warkar da kai, yawancin masu ciwon nan suna samun sauƙi da kansu cikin sati 4 zuwa 6, wasu har wata 3, don jiki da kansa yake tsotse abin da ya bullo kumburin ya sace. Duk abin da mutum yake yi a lokacin shi zai ba lada. Bel kuma in ka saba da shi naman ƙugun ya daina aikinsa.

Mai Hijama Bolari: Assalamu alaikum. Dakta da girmanka amma ban ji dadin yadda ka ambaci kaho ba. Mu ma muna ganin masu irkun nasa, wato sunan wannan ciwo da Larabci, ciwo ne da aka sani tun zamanin Annabi SAW, kuma mutane da yawa sunzo suna dingishi sun tafi da kafarsu. Wanda yayi masa a sharaba ne bai san aiki ba, ai a kugu ake sawa da bin hanyar jijiyar. Ku yan boko komai in ba daga turawa yazo ba sai ku rena

Likitan Gashi: Malam ban rena ba wallahi, ni ma ana min hijama. Kuma na yarda mutum kan ji sauƙi bayanta, naman da ya ɗaure yana saki. Inda muka rabu shi ne kofin a fata yake, faifan kuma yana can ciki ƙarƙashin nama mai kauri da ƙashi, ba ya kaiwa gare shi. Roƙona gare ku guda biyu ne. Duk wanda ya zo muku ku yi masa tambayoyin can na fitsari da tsarki da jan ƙafa, in ya amsa e ko ɗaya ku turo shi asibiti a ranar, ku kuke fara ganinsu kafin mu. Na biyu kar a tsaga fatar da ta sage musamman mai ciwon suga, ba ya jin zafi kuma gyambon ba ya warkewa da wuri.

Mai Hijama Bolari: Wannan gaskiya ne, mai suga dama bama taba masa kafa. Amma ina nan kan bakana tana magani

Malamin Islamiyya: Hadisin da ya zo kan wannan ciwo a Ibn Majah na kitsen jelar tunkiyar ƙauye ne, a narka a raba uku a sha kafin karin kumallo. Kuma Ibnul Ƙayyim da ya yi sharhinsa ya ce magana ce da aka fuskantar ga mutanen Hijaz da makamantansu, da nau'in ciwon da ke samunsu, bai ce kowane iri ba. Don haka ba karo tsakanin wannan da zuwa asibiti, duka neman magani ne. Alhaji maganar ruku'u kuma kar ka takura kanka, Annabi SAW ya ce wa Imrana bin Husaini ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ka tsaya inda za ka iya, ka yi nuni a inda ba za ka iya ba. Zancen tsallaka abu a bakin shago kuma ka cire shi a ranka, ka ga dai buhu ka ɗaga.

Dan Tudun Hatsi: Jazakallahu khairan Malam, wlh abin na damuna ina ganin kamar sallar bata cika ba

Maman Yan Biyu: Ni fa Dakta inada korafi a kanku. Lokacin cikin yan biyu na samu irin wannan, bayan na haihu aka turani gashi a wani asibiti, ina zuwa sai su kwantar dani su kunna jar fitilar nan a bayana su manna min wasu wayoyi masu tsikara minti kadan suce in tafi in dawo jibi. Ina jin dadi a wurin amma kafin in sauka daga napep ya dawo. kudin mota kudin kati ga jarirai biyu a gida, na gaji na daina zuwa. To meye amfanin gashin?

Likitan Gashi: Hajiya ƙorafinki gaskiya ne kuma yana min ciwo don shi ke sa mutane su ɗauka aikinmu fitila ce da tausa. Wani lokacin layi ne ya yi yawa ma'aikata kaɗan, wani lokacin kuma marasa lafiyan ne in ba a kunna musu inji ba sai su ce ba a yi musu komai ba. Amma fitila ɗumi ce kawai, tana lafar da ciwo na ɗan lokaci. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, a ƙa'idar da ta fitar a 2016 kan ciwon baya da sayatika cewa ta yi kar a ba marasa lafiya injin tsikarar nan, da injin jan baya, da bel. Abin da ta sa a gaba motsa jiki ne, tausa da gyaran gaɓa ma sai in an haɗa su da motsa jikin.

Ga abin da ya kamata ki samu ranar farko. A zauna a ji labarin ciwon. A kwantar da ke rigingine a ɗaga ƙafar a miƙe, in shokin ya sauka ƙasan gwiwa tun ƙafar tana tsakanin digiri 30 da 70 to jijiyar ce. A sa ki tafiya kan dunduniya, sannan kan yatsu, a gwada ƙarfin babban yatsa, a buga gwiwa da agara da ƴar gudumar roba, a taɓa fata a ji inda ya sage. Sannan a nemo wane motsi ne ke janye ciwon wane ne ke tura shi ƙasa, a koya miki abin da za ki riƙa yi a gida. In kin fita ba ki da aikin gida ko ɗaya to ki tambaya, haƙƙinki ne.

Telan Jekadafari: Dakta to koya mana aikin gidan mana tunda gamu

Likitan Gashi: Zan faɗa amma da sharaɗi, don abin da ya yi wa wani daidai yana iya ƙara wa wani. Ga wanda zama da sunkuyo ke tayar masa, irin Alhaji da kai tela, yawanci muna farawa da kwanciya rub da ciki kan tabarma minti 2 ko 3 a saki jiki. In ya zauna lafiya sai a dogara kan gwiwar hannu. In wannan ma lafiya, a dafa tafin hannu a ɗago ƙirji sama ƙugu yana manne da ƙasa, a sauko, sau 10, a maimaita sau da dama a yini. Wani likitan gashi ɗan ƙasar Niyu Zilan, Robin McKenzie, shi ya tsara wannan hanya, kuma abin da ya lura da shi shi ne ma'aunin da za ku riƙe. In ciwon yana janyewa daga yatsa ya koma sharaɓa, daga sharaɓa ya koma cinya, ya taru a ƙugu, to alheri ne ko da ƙugun ya ɗan ƙara ciwo. In kuma yana ƙara gangarawa ƙasa ko sagewar tana faɗaɗa, a tsaya nan take, ba naka ba ne.

Sai tafiya a ƙasa mai laushi minti 5 zuwa 10 sau uku ko huɗu a yini, ana ƙarawa a hankali, ya fi a yi doguwa sau ɗaya a dawo a kwanta. Kar a zauna ya wuce minti 20 zuwa 30 ba a miƙe ba, kuma a guji kujera mai lotsawa da zaman ƙasa a tanƙware. Tela ka naɗe tawul ka sa a ramin ƙugunka, ka cire walat daga aljihun baya, duk rigar da ka gama ka miƙe ka dafa ƙugu ka ɗan lanƙwasa baya. Barci a kan gefe da filo tsakanin gwiwoyi. In zafin ya lafa muna ƙara motsin zame jijiya, kana zaune ka miƙe gwiwa kana ɗaga kai sama, ka lanƙwashe kana sunkuyar da kai, a hankali ba ja ba, don jijiya mai kumburi ba ta son a ja ta da ƙarfi, masu kama yatsun ƙafa suna miƙa ta dole su ne ke dawo mana da kuka. Daga baya sai ƙarfafa naman ciki da ɗuwawu da baya, sai a koya wa mutum ɗaukar kaya daga mara nauyi zuwa mai nauyi, kayan a manne da jiki, a durƙusa da gwiwa, a juya da ƙafafu ba da ƙugu ba. Don burinmu Alhaji ya koma kasuwa ne ba ya zauna gida yana tsoron buhu ba.

Baba Mai Ritaya Kumo: Ɗana likita, ni shekaruna sun haura saba'in. Nawa ya saɓa da na Alhaji. Zama lafiya lau, amma in na taka daga gida zuwa masallaci ƙafafun sai su yi nauyi su mutu, dole in tsuguna ko in jingina in sunkuya kaɗan sannan su dawo. Abin mamaki keke ina tuƙa shi har gona ba abin da nake ji. Shin in yi wannan na rub da cikin?

Likitan Gashi: A'a Baba kar ka yi, Allah ya ƙara girma, kuma na ji daɗi da ka tambaya. Naka ya fi kama da tsukewar hanyar laka, da shekaru ƙashi da jijiyoyin ɗauri suna kauri ramin da saiwoyin ke bi ya matse. Miƙewa da lanƙwasa baya suna ƙara tsuke shi, sunkuyo yana buɗe shi, shi ya sa keke ba ya damunka. Kai naka kishiyar nasu ne, kwanciya rigingine a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, a ci gaba da keken, tafiya kuma a yanka ta gajeru ana hutawa. Amma Baba ka je a duba ka, a taɓa bugun jini a ƙafafun kuma a gwada suga, don toshewar hanyar jini ma tana kawo nauyin ƙafa in an yi tafiya.

Baba Mai Ritaya Kumo: Mi yetti. Allah ya yi albarka.

Sista Pantami: Bari in sa baki kan magani tunda nas ce ni kuma mu muke karbar wadanda abin ya ritsa dasu. Alhaji ka daina alluran kemis din nan dan Allah. Mafi yawa diclofenac ne, wani lokacin a hada da dexa, wato maganin kumburin nan dexamethasone, sannan a kulla maka kwayoyi a leda wanda a ciki ma akwai wani diclofenac din ko ibuprofen, kaga ka ninka kenan baka sani ba. Suna cin ciki su kawo olsa har aman jini, suna taba koda, suna tada hawan jini. Dexa in aka dade ana sha fuska ta kumbura suga ya hau kashi yayi laushi. Tramol kuma kunsan yadda ya cinye mana yara a garin nan, da yawa da ciwon jiki na gaskiya suka fara. Likita ya rubuta maka guda daya na kwanaki kadan kasha bayan cin abinci, in kanada olsa ko ciwon koda ko hawan jini ka fada masa tun farko

Direban Gombe zuwa Yola: Sista pregabalin fa? yanzu shi ake yayi a tasha ance na jijiya ne

Sista Pantami: Bar shi Yaya, jiri da barci yake sawa kuma kai kana rike da sitiyari da rayukan mutane, ga shi yana kama mutum

Likitan Gashi: Ƙari kan maganar Sista, ita NICE ɗin a gyaran da ta yi a 2020 ta ce kar a ba mai sayatika pregabalin da gabapentin, don an gwada ba a ga amfanin da ya kai illarsu ba. Ruwan ɗumi a gora a naɗe da tawul minti 15 zuwa 20 a ƙugu ba laifi, amma ban da wurin da ya sage, mun ga waɗanda aka gasa da dutse ko garwashi suka ƙone ba su ji ba.

Dan Tudun Hatsi: To Dakta hoto fa, wani abokina yace sai nayi MRI kuma naji kudinsa ba kadan bane, kuma ance in aka taba bayan mutum da wuka shikenan ya zama gurgu

Likitan Gashi: A yanzu ba ka buƙatarsa indai gwajin hannu bai nuna rauni mai ƙaruwa ba. Hoton eksire ƙashi kawai yake nunawa ba ya nuna faifai ko jijiya. MRI yana nunawa, amma mutane da yawa da ba su taɓa ciwon baya ba in aka ɗauke su za a ga faifai ya ɗan turo, sai takardar ta tsorata mutum a banza. Muna neman sa ne in akwai alamun haɗarin can, ko ƙafa tana ƙara rauni, ko an yi sati 6 zuwa 12 ana abin da ya dace ba sauƙi har an fara maganar tiyata. Ita tiyatar kuma kaɗan ne ke kaiwa gare ta, ɗan guntun da ya danne jijiyar ake cirewa, kuma a wurin da ake yinta ma lakar ta riga ta ƙare a sama. Akwai haɗari kamar kowace tiyata amma zancen duk wanda aka yi wa ya gurgunce ba haka ba ne. Wani bincike da aka yi a Holan aka wallafa a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa da wuri sun fi saurin rabuwa da ciwon ƙafa, amma bayan shekara guda su da waɗanda aka bi a hankali sakamakonsu kusan ɗaya ne.

Sai ku kula da inda kuke zuwa. Yanzu kowa ya sayi injin tausa ya kafa allo ya ce gashi yake. Likitan gashi na gaskiya jami'a ya yi shekara 5 ko 6, a kusa da mu akwai BUK da jami'ar Maiduguri, ya yi shekarar horo a asibiti, kuma yana da lasisin hukumar MRTB mai yi wa likitocin gashi rajista a Najeriya. Ba rashin kunya ba ne ka tambaya. Kuma kar ka yarda kowa ya hau bayanka ya taka ko ya murɗa ka da ƙarfi wai zai mayar da ƙashi, ba ƙashin da ya goce.

Yar Dukku: Slm, ku yi hakuri na shigo da wani abu daban amma naji ana maganar jijiyar duwawu. Yaron yayata dan shekara 4 yayi zazzabi aka masa allura a duwawu a wani shago, tun a wurin ya kwala kara ya ki taka kafar, yanzu kusan sati biyu yana jan ta yatsun na kallon kasa. Kakarsa tace shan inna ne wasu sunce a kai shi wajen mai dori. shima wannan din ne?

Sista Pantami: Innalillahi. Wannan shine abinda nake ta fada, jijiyar ce allurar ta samu ko maganin ya zuba kusa da ita. In za'ayi allura a duwawu raba shi ake gida hudu a yi a na sama ta waje, tsakiya da kasa nan jijiyar take bi, kananan yara ma a gefen cinya ake musu don basu da nama a wurin. Kar a kai shi dori ba karaya bace

Likitan Gashi: Ƙanwata kar ku ƙara jira. Ku kai shi babban asibiti a fara ganin likitan yara. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba ƙafarsa ta saki farat ɗaya dole a sanar da jami'an sa ido na ƙaramar hukuma su ɗauki bayan gidansa a gwada shan inna, ƙa'ida ce ko da an san allura ce, kuma a cikin sati biyun farko aka fi son ɗauka don haka gobe ya kamata. Daga nan a turo shi gashi. Jijiya tana farfaɗowa amma a hankali ƙwarai, wajen milimita 1 a rana, watanni ake magana. Aikinmu kafin ta dawo shi ne kar agarar ta ƙage ƙafar ta daskare tana kallon ƙasa, don in ta ƙage ko jijiyar ta warke ba zai taka daidai ba. Za a koya wa uwar yadda za ta riƙa lanƙwasa idon sahun sama a hankali sau da yawa a yini, a yi masa takalmin roba mai riƙe ƙafar a tsaye, kuma ta riƙa duba tafin kullum don ƙaya ko ƙuna ba zai ji ba.

Yar Dukku: To Dakta daga Dukku zuwa Gombe kullum ai ba zasu iya ba wlh, mijin manomi ne

Likitan Gashi: Ba kullum ba ne. Su zo da uwar da kanta ba wata ba tunda ita za ta riƙa yi, su faɗa wa wanda ya gan su daga nesa suke, za a koya mata ta yi a gabansa har hannunta ya faɗa, sannan a riƙa ba su ranar dawowa da tazara. Su taho da kwalbar allurar ko sunan maganin in za a samu, da katin rigakafinsa.

Yar Dukku: to bari in kira ta yanzu kafin su kwanta su shirya su biyo motar safe